Bajimi Ba Ruri

Ranar Laraba Sahabi dillali ya sauke ta daga tirela,
can bayan gidan mai na hanyar Kalambaina.
Ya yaye tampol kamar mai buɗe akushi gaban baƙi.
Muka yar da sifana, muka zo da baƙin mai a hannu.

Shekara goma sha ɗaya muna kiranta Bajimi,
ita tsohuwar, mai silinda takwas,
wadda in ta yi gyaran murya a Gawon Nama
sai tantabarun Mabera su tashi.
Hotonta na manne a ƙofar shagona,
rana ta ci jan fentin har ya koma ruwan goro.

Wannan kuwa an aske mata kafaɗa.
Fitilu sun ƙanƙance kamar idon mai gyangyaɗi,
goshi sumul, ba hanci, ba haƙora.

Arzika bakanike ya ɗaga bonet,
ya daɗe yana motsa leɓe.
Ya ce, "Shidda nig gani. Wa yac ci biyu?"
Kowa ya yi dariya
ban da shi.

Sahabi ya danna maɓalli. Wai ta tashi.
Labbo ya durƙusa, ya kai kunne bakin salansa
kamar mai neman numfashin majinyaci.
Sai aka latsa wani wuri, ruri ya ɓarke
daga lasifika.
Labbo ya kakkaɓe gwiwa, ya tofar da yawu:
"Wanga ba ruri ba na, kaset na."

Atto, yaron da bai gama koyon ɗaure birki ba,
ya ce ai ta fi tsohuwar gudu,
kafin ka haɗiye yawu ta wuce Kwannawa,
ga shi ba ta shan mai kamar raƙumin da ya kwana uku.
Arzika bai ko dube shi ba.
"Zomo ma na da gudu. Ka taɓa jin kirarinai?"

Ni ne na yi tambayar, da ma ban yi ba.
Sahabi ya gyara hula, ya dubi sama,
ya fara da dala, ya bi ta kwastan, ya ratsa kuɗin jirgi,
sannan ya faɗi adadin a hankali
kamar mai sanar da rasuwa.

Miliyan ɗari da talatin.

Akwai wani littafi a ƙarƙashin katifata.
Ranar da na buɗe shi, 'yar Kwatano tara take.
Na tara uku, ta koma sha biyar.
Na shiga adashi biyu, na daina tsire, na kai bakwai,
ta tsallake talatin ba ko waiwaye.
Ina binta kamar mai bin inuwarsa da la'asar.
Yau ko na haɗa fegina na Arkilla
da gonar albasar Baba ta Kwalkwalawa,
sai dai a ba ni tayoyi da ƙofa ɗaya.

Inno ta kawo mini tuwo a kula,
shekararta tara, ba ta san silinda ba.
Ta ga fuskarta a jikin fenti, ta gyara ɗankwali,
ta ce, "Baba, ta hi ta hoto kyawo."
Na buɗe baki, na rufe.

Da aka kira magariba muka watse.
Na waiga, sai ga Labbo, shi mai tofar da yawu,
ya jingina da ƙofarta yana roƙon Atto ya ɗauke shi hoto.

Na buga tsohuwar Besfata sau huɗu kafin ta amsa.
Salansarta fashe take tun bara,
ban gyara ba, kuma ba rashin kuɗi ba ne.
Na murɗa mata wuya har karnuka suka tanka.

Da dare na ɗaga katifa,
na rubuta: dubu biyar.